Kurakuran da ɗalibanmu ke yi wajen fito da jigon ƙagaggen labari

Yawancin yaranmu Hausawan Sudan, na Gadarif da Kassala da Mai Wurno, da Larabci suka yi makaranta, a darasin insha'i kuma suka koyi riƙe alƙalami. Horo ne mai kyau, amma da zarar an ce su yi nazarin jigon littafi sai ya ja su wata hanya daban: doguwar gabatarwa, tarihin marubuci, sannan wa'azi a ƙarshe. Shi kuwa littafin da aka ce a feɗe yana gefe, ba a ko buɗe cikinsa ba.

Abin da aka fi yi shi ne maimaita labarin. Ɗalibi zai cika shafi uku da "sai ya tafi, sai ya dawo, sai aka kama shi", yana ganin ya yi aiki. Malamin da zai duba takardar ya riga ya karanta littafin. Layi huɗu sun isa a tuna masa inda labarin ya dosa, sauran fili na hujja ne. Duk sakin layin da ya fara da "daga nan sai", a tsaya a tambayi kai: me nake son tabbatarwa da wannan?

Wanda ya fi damuna shi ne mayar da jigo kalma ɗaya tak, ko karin magana. A ɗauki Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da gasar rubutu ta 1933 ta haifar a Zariya. Sau da yawa takarda kan zo da jimla irin wannan: "Jigon littafin shi ne haƙuri, domin mahaƙurci mawadaci." Wannan jimla za ta hau kan littattafai barkatai ba tare da an sauya mata ko wasali ba, kuma nan ne rauninta. Jigo magana ce da littafin yake yi a kan wani abu, wadda wani zai iya musantawa, kai kuma ka kare ta. Gwada haka: "Littafin yana nuna yadda cinikin bayi ke raba uwa da ɗanta, ko da ɗan ya faɗa hannun mai kyautata masa." Yanzu akwai abin warwarewa. Za ka koma ga Abdulkarim, Balaraben da ya riƙe Umar kamar ɗan cikinsa har ya yi karatu, alhali da fataucin bayi yake arziki. Za ka koma ga mahaifiyar da ta fita neman ɗanta aka yaudare ta aka sayar. Ka jera wuraren nan biyu kusa da juna, ka duba da wace irin murya aka ba da kowannensu. Umar yana ba almajiransa labarin ne bayan ya tsufa, cikin natsuwa, ba kuka ba zagi. Shin natsuwar nan yarda ce da ƙaddara, ko kuwa ita ce take ƙara wa abin zafi a zuciyar mai karatu? Ɗalibin da ya zauna a kan wannan tambaya ya amsa ta da layukan littafin, ya yi nazari.

Akwai wani kuskure da ya keɓanta da mu a nan, kuma ina fahimtar tushensa. Mun taso muna jin yadda kakanni suka baro Hausa, wasu a hanyar aikin hajji, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903 da Turawan Ingila, suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu. Saboda haka duk littafin da tauraronsa ya ƙetare hamada, sai ɗalibi ya rubuta cewa jigonsa hijira ne. To, Umar bai yi hijira ba, ɗauke shi aka yi. Tarihin gidanku yana iya buɗe maka ido ka ga abin da ɗalibin Kano bai gani ba, kuma ina so ka yi amfani da shi. Sai dai kafin ka rubuta, ka nemo wurin da littafin da kansa ya faɗi abin. In ka rasa, ka bar shi.

Haka nan ake haɗa marubuci da mai ba da labari. Masu nazarin Mausimul Hijra ilas Shamal, ƙagaggen labarin Larabci na marubucin Sudan Ɗayyib Salih, wanda ya fito a 1966, sukan rubuta "Ɗayyib Salih ya koma ƙauyensu ya haɗu da Mustafa Sa'id". Wanda ya koma ƙauyen mai ba da labari ne, marubucin ko suna bai ba shi ba, kuma shi ma tauraro ne da ya kamata a bincika: me ya gani, me ya kau da kai a kansa? A rubuta "mai ba da labari ya ce", sai ƙofar wannan bincike ta buɗe.

Sai masu zuba dogon kwafe daga littafi su wuce, kamar wanda ya sauke buhun dawa a ƙofar gida ya ce ga tuwo. Ɗauki layi biyu, ka nuna wace kalma ce aka maimaita, wa ya yi magana, wa ya yi shiru, me ya faru kafin nan. Bayaninka ya fi abin da ka kwafo tsawo. Idan kuma ka ci karo da wurin da ya saɓa wa ra'ayinka, kada ka ɓoye shi. Kawo shi, ka faɗi yadda ya rage ƙarfin maganarka ko ya gyara ta. Malami ya fi yarda da takardar da ta yi haka.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, da yawa a waya suke karatu, kuma lambar shafin da ke kan waya ba lallai ta dace da ta bugun takarda ba. A rubuta babi, a ƙara da kalmomin farko na sakin layin, a kuma faɗi wane bugu aka yi aiki da shi, don mai dubawa ya iya gano wurin.