Yadda Ake Shuka Tulif a Ƙarshen Kaka a Ingila

Idan kana zaune a Ingila kuma kana da ɗan fili a bayan gida, watan Nuwamba ne lokacinka. Ganyen itatuwa ya yi ja da rawaya yana zuba, lambu ya fara tsiraicewa, amma a yanzu ne ake binne abin da zai yi fure a Afirilu. Daffodil, wani fure da ake shuka ƙwansa kamar tulif, ana shuka shi tun Satumba. Tulif kuwa gara a jira ƙasa ta yi sanyi, domin sanyin yana rage cutar da ke ƙona masa ganye.

Fara da zaɓen iri. Ƙwan tulif kamar ƙaramar albasa yake. Matsa shi da yatsa: mai tauri da nauyi shi ne naka, wanda ya yi laushi ko ya yi fumfuna ka bar musu.

Sai wuri. Nemi inda rana ke samu kuma ruwa ba ya kwanciya. Asalin tulif duwatsun tsakiyar Asiya ne, kafin ya biyo ta Turkiyya ya isa Holan, shi ya sa ba ya shiri da ƙasa mai riƙe ruwa. Idan ƙasarka laka ce, gauraya ta da tsakuwa ƙanana da ruɓaɓɓen taki.

Zurfin rami shi ne abin da na fi so a kula da shi. Haƙa ninki uku na tsayin ƙwan, wato kamar santimita 15 zuwa 20. Da yawa suna gajiya su tsaya a rabi, sai kurege ya tone ya cinye, ko iska ta kwantar da furen. Ajiye ƙwan tsinin na kallon sama, ka bar tazarar santimita 10, ka rufe, ka danna ƙasar da tafin hannu. Kada ka jera su a layi ɗaya. Goma ko sha biyu a dunƙule sun fi kyau. Shimfiɗa ragar waya a sama har su tsiro, don kada kurege ya tone.

Wanda ba shi da fili ya samu babbar tukunya mai huji a ƙasa. Tulif a can ƙasa, daffodil a tsakiya, crocus (wani ƙaramin fure mai ƙwai) kusa da baki, sannan a dasa ƙananan furanni irin su pansy ko cyclamen a sama don a samu launi tun yanzu. A bar tukunyar a waje, kada a shigo da ita ɗaki. Sai ƙwan ya sha sanyi na kusan wata uku kafin ya yi fure.

Ƙwan daffodil guba ne. Kada ya kwana a kicin kusa da albasar miya, kuma a nuna wa yara da duk mai girki a gidan bambancinsu.