Nawa Ne Kuɗin Zama? Yadda Nake Yanka Farashi a Wurin Duba Lafiyar Ƙwaƙwalwa

Shekarar da na buɗe ɗan wurina a Kano, inda nake zama da masu ciwon damuwa da fargaba da waɗanda shaye-shaye ya kama, ban yi lissafin komai ba. Na tambayi wata abokiyar karatuna nawa take karɓa, na rage kaɗan don kada a ce na tsawwala, shi ke nan. Mutane na ta zuwa, ina ta murna. Da shekara ta zagayo mai gida ya aiko a sabunta haya, sai da na kai 'yan kunnena na gwal kasuwa. Tun daga ranar na daina kwafar farashin wani.

Ka fara da takarda da biro, ka rubuta abin da wurin ke ci a wata ko da ba wanda ya leƙo. Ga misali da lambobi masu sauƙin rabawa, kai sai ka sa naka. A ce haya naira 1,200,000 a shekara, wato 100,000 a wata. Mai karɓar baƙi 70,000, don shi ne mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024, kuma bai kamata mai gyaran zukata ya tauye ma'aikacinsa ba. Wuta da man janareta 60,000. Data, takardu, ruwa da shara 30,000. Sabunta rajista da hukumar kula da asibitoci masu zaman kansu da kuɗin ƙaro ilimi, ka ware musu 40,000. Sun tashi 300,000. Sai ka ɗora albashinka, a ce 400,000. Yawancinmu nan muke jin nauyi, kamar ba ma cefane. Rubuta shi. Jimla 700,000.

Yanzu sai adadin zama, kuma a nan aka fi yaudarar kai. Ni zama biyar nake iyawa a rana, kowanne minti 50. Idan na shiga na shida, kunnena na ji amma hankalina ya tafi gida. Biyar a rana, kwana biyar a mako, a takarda zama 100 ne a wata. To amma Juma'a rabin yini ce, ranar da aka tashi da ruwan sama rabin mutanen ba sa zuwa, ga rasuwa, ga biki, ga azumi da ake janye jiki. Ka yi lissafi da 70. Raba 700,000 gida 70, ka sami 10,000. Wannan shi ne ƙasan farashinka, inda ba riba ba faɗuwa, kuma ba a sa tausayi a ciki ba tukuna.

Tausayin ma lissafa shi ake yi. Cikin zama 70 ɗin nan, na ware 10 a rabin kuɗi, 5 kyauta. Sauran 55 ne ke biyan cikakke, idan ka haɗa da rabin goman nan kamar zama 60 ke nan. Raba 700,000 gida 60, ya kusa 11,700, sai ka cike shi 12,000. Amfanin wannan tsari shi ne, idan bazawara mai 'ya'ya huɗu ta zo, ba na tsayawa ina auna hawayenta. In akwai gurbi na sa ta. In ya cika na gaya mata gaskiya, na rubuta mata takarda zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko asibitin koyarwa na Aminu Kano, inda kuɗin kati bai kai nawa ba. Kafin in yi wannan tsari, wanda ya fi iya magiya shi ke samun ragi, mai kunya kuwa ya biya duka ya koma gida a ƙasa. Kuma sau da yawa mai kunyar ne ya fi buƙata.

Wani dattijo ya taɓa kawo min 'yarsa da ta daina barci bayan haihuwa. Da aka faɗa masa kuɗin sai ya gyara hula ya ce, "To 'yata, allura nawa ce a ciki?" Na ce, "Baba, babu allura, zama za mu yi mu yi magana." Ya ce, "Hira kawai? Ai ko malam kafin alƙalami yake karɓa, amma shi yana ba da rubutu a sha." Ban ji haushi ba, don tambayarsa tana kan hanya. Na ɗauko takarda na zana masa: zaman farko na awa ɗaya da rabi ne, shi ya sa ya fi tsada, a nan zan tantance ko tana buƙatar likitan da ke rubuta magani. Bayan nan zama shida zuwa takwas, mako-mako, a na huɗu mu duba ko barcin ya dawo. Na faɗa masa jimlar kuɗin gaba ɗaya. Ya yi shiru, ya ce sai ya sayar da buhun gero biyu, amma gara da ya sani tun yanzu. Ta zo duka takwas ɗin.

Abin da na koya a nan: ka faɗi kuɗin tafiyar duka tun farko. Aikinmu ba na zuwa ɗaya ba ne. Iyalin da suka biya zama biyu suka ɓace saboda ba su san akwai shida a gaba ba, sun yi asarar kuɗinsu, kuma za su gaya wa dangi an gwada bai yi ba. Wanda zai biya zama shida a dunƙule ina yafe masa rabin na ƙarshe. Amma ba na ciniki a ɗakin zama. Farashi na manne a bango wajen mai karɓar baƙi, can ake biya, ko a hannu ko ta tiransifa, a ba da rasit kafin a shigo.

A wurinmu mai biya daban, majinyaci daban: miji ne, ko uba, ko yaya. Wasu na ɗauka tunda su suka biya, sun sayi abin da aka faɗa a ciki. Ka warware wannan kafin ka karɓi ko sisi. Ni cewa nake, "Alhaji, rasit naka ne, amma maganar tata ce, sai abin da ta yarda in faɗa maka, ko in na ga ranta na cikin haɗari." Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, tana bayan majinyaci a kan haƙƙoƙinsa, don haka ba tsaurin kaina ba ne.

Sai ƙananan ramukan da kuɗi ke zurarewa. Wanda ya fasa zuwa bai sanar ba tun jiya, yana biyan rabi, sai dai in rasuwa ce ko rashin lafiya, wannan ba na ko tayar da maganar. Zama ta waya ko ta bidiyo kuɗinsa ɗaya da na ofis. Saƙon WhatsApp na gyara lokaci kyauta ne, amma saƙon murya na minti goma sha biyar da tsakar dare zama ne, sai in amsa da safe in ce mu sa rana. Rahoton kotu ko na wurin aiki kuɗinsa daban, don yana cin yini guda. Kamfanonin inshora kuwa, duk da dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya, ka karanta yarjejeniyarsu da kyau: nawa suke biya a zama, zama nawa suka amince da shi, bayan wata nawa kuɗin ke fitowa. Wani kamfani ya riƙe min kuɗi wata biyar, tun daga nan ba na barin masu inshora su wuce kashi ɗaya cikin huɗu na mutanena.

Ina sake lissafin nan duk wata shida tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, don lambobin da ka rubuta a Janairu kafin damina sun tsufa. In zan ƙara kuɗi, ina manna sanarwa wata guda kafin nan, kuma wanda ke tsakiyar zamansa yana ƙarasawa a tsohon farashi. Abu ɗaya ne mai karɓar baƙina ta san ba a tambayar kuɗinsa: duk wanda aka kawo yana maganar kashe kansa, kai tsaye ake shigo da shi, ko ina tare da wani sai ta ƙwanƙwasa ƙofa.