Sulallan Azurfa na Ingila: Sikeli Kafin Ido

Mai son tara tsoffin sulallan azurfa na Turai ya fara da gurot na Ingila, sulen da darajarsa fenni 4 ce. Sarki Edward na Uku ne ya tabbatar da bugunsa a 1351, kuma ana samunsa da yawa a hannun dillalai. Mafi sauƙin samu su ne na Henry na Shida da aka buga a Kale, garin da ke gaɓar Faransa amma yana hannun Ingilishi a lokacin.

Kayan aiki biyu ne dole: sikelin da ke auna kashi ɗaya cikin ɗari na giram, da madubi mai ƙara girma sau 10.

Nauyi shi ne shaidar farko. Gurot na 1351 yana kai kimanin giram 4.67. A 1412 aka rage shi zuwa 3.89, sannan Edward na Huɗu ya sauke shi zuwa 3.11 a 1464. Fuskar sarki ba za ta taimake ka ba, don duk kusan iri ɗaya ake zana su, mai kambi yana kallon gaba, har zuwa zamanin Henry na Bakwai. Ga sunayen ma sai Edward da Henry ake ta maimaitawa. To in sule ya ce HENRIC (wato Henry) amma ya haura giram 3.5, ba na bayan 1464 ba ne. In ya gaza sosai, duba gefensa: mutanen da kan yanke bakin sule su tara azurfar, sai haruffan waje su ɓace. Irin wannan na gaske ne, amma kada ka biya shi kuɗin cikakke.

Juya bayansa. Akwai doguwar gicciye da zobe biyu na rubutu. Na ciki ke faɗin inda aka buga: CIVITAS LONDON (Landan) ko VILLA CALISIE (Kale).

Da guduma aka buga su ɗaya-ɗaya, shi ya sa karkacewa ko ninkin harafi ba aibi ba ne. Jabu galibi zubi ne: za ka ga ƙananan ramuka kamar kumfa, haruffa sun yi laushi, da siririn layi a gefe inda kwamin ya haɗu. Biyu masu tabo iri ɗaya sak a wuri ɗaya, daga kwami guda suka fito.

Kada ka goge baƙin da ke jikinsa, gogewa na zubar da farashi. Wanda ya lanƙwashe ma bar shi haka, azurfar da ta daɗe a ƙasa takan yi gautsi, tana iya karyewa. Ajiye kowanne a ambulan na takarda marar sinadari, ka guji leda mai laushi ta PVC don tana barin koren danƙo, musamman da damina.

Wanda aka tono a ƙasar Birtaniya kuwa, sai da lasisin fitarwa zai bar ƙasar, komai ƙanƙantar kuɗinsa. Nemi dillali ya nuna maka takardar kafin ka biya.