Yadda Ake Aiki da Tsohon Gilashin Helios a Kyamarar Zamani

Gilashin kyamara na zamanin fim, wanda ake saita shi da hannu, yana iya aiki a kan kyamarar dijital ta yau, muddin mai shi ya san abin da ke haɗa su. Misalin da ya fi sauƙin samu shi ne Helios 44-2 mai milimita 58 (lambar da ke nuna faɗin filin da yake kamawa) da ƙofar haske f/2 (ƙaramar lamba tana nufin ƙofar ta fi buɗewa), wanda aka ƙera da yawa a Tarayyar Sobiyet bisa tsarin Biotar na kamfanin Zeiss na Jamus. Bakinsa irin wanda ake kira M42 ne, wato ana murɗa shi ne kamar murfin kwalba, kuma babu waya ko ɗaya a cikinsa.

Kafin a sayi komai, sai a fara duba tazarar da ke tsakanin bakin kyamara da sensarta, wato farantin cikinta da ke karɓar haske a madadin fim, domin a kanta aikin duka ya dogara. An ƙera gilashin M42 ne don ya zauna milimita 45.46 daga fim. Kyamarori marasa madubi suna da gajeriyar tazara, misali mai baki irin Sony E milimita 18, mai Fujifilm X kuma 17.7, saboda haka adaftarsu bututun ƙarfe ne kawai da ke cike giɓin da ya rage, ba tare da wani ƙarin gilashi ba. Canon EF mai milimita 44 ma tana karɓarsa da siririyar adafta, sai dai a wasu manyan kyamarorinta madubi yakan taɓa bayan gilashin idan an saita shi zuwa nesa. Matsalar tana wajen Nikon F, wadda tazararta milimita 46.5 ce, ta zarce ta M42, don haka ba za a ga abu mai nisa tar ba sai da adafta mai ƙarin gilashi, kuma mai araha daga cikinsu tana rage kyan hoto ƙwarai. Ni dai ba na ba mai irin wannan kyamara shawarar ya bi ta nan.

Lokacin saye, a haska tocila ta bayan gilashin a leƙa ta gaba. Ƙura kaɗan ba ta hana komai, amma funfuna mai rassa, ko hazo a ciki, ko mai a kan ganyayyakin ƙofar haske, dalili ne na a ajiye shi a nemi wani.

Bayan an ɗaura shi, kyamara ba za ta san akwai gilashi a jikinta ba, kuma da yawa sukan ƙi ɗauka har sai an shiga saituna an ba su izinin ɗauka ba tare da gilashi ba. Daga nan a juya ta zuwa tsarin ɗauka mai alamar A, domin ta zaɓi saurin ɗauka da kanta gwargwadon hasken da ke shigowa. Idan tana da na'urar hana girgiza a jikinta, wajibi ne a shigar mata da milimita 58 da hannu, in ba haka ba gyaran da za ta yi zai iya ɓata hoton. A kuma tuna cewa a ƙaramar sensa ta APS-C wannan gilashi yana kama fili kusan daidai da na milimita 87 a kan sensa mai girman fim ne, wanda ya dace da hoton fuska fiye da hoton taro a cikin ɗaki.

Saitin gani shi ne inda ake buƙatar natsuwa. Helios 44-2 yana da zobe biyu na ƙofar haske: da na farko ake zaɓar lambar da ake so, a ce f/5.6, na biyun kuma yana buɗewa da rufewa tsakanin f/2 da lambar da aka zaɓa. A buɗe ƙofar gaba ɗaya tukuna, a danna maɓallin ƙara girman hoto a kan idon wanda ake ɗauka, a juya zoben saiti a hankali har a ɗan wuce inda gashin ido ya fito, sannan a dawo baya kaɗan. Sai a rufe ƙofar zuwa lambar da aka zaɓa, a ɗauka kafin mutumin ya motsa. Launin da kyamara take ɗorawa a gefen abin da ya fito sarai yana taimakawa, amma a f/2 yakan nuna fili fiye da wanda ya fito da gaske, shi ya sa na fi amincewa da ƙara girma. Abin da ke tafiya kuwa, gara a saita gani tun da wuri a kan wurin da zai ratsa, a rufe zuwa f/8, a jira isowarsa.

Abin da ya sa ake neman wannan gilashi shi ne yadda yake murɗa bayan hoto ya zama kewaye. Ana samun haka ne a f/2, idan mutum yana tsakiyar hoto kamar mita biyu daga kyamara, kuma can bayansa akwai ganyen bishiya da rana ke ratsawa. Idan rana ta doki gaban gilashin kai tsaye launi yana dusashewa, don haka a sa masa hular kare haske mai milimita 49, ko a tare da tafin hannu.

A lokacin hunturu a canza gilashi a cikin ɗaki, bakin kyamara yana kallon ƙasa, saboda sensar marar madubi a buɗe take ga ƙura. Da damina kuma a ajiye shi a akwati mai murfi tare da ƙwayoyin silika masu shanye laima, a riƙa fito da shi yana shan iska da haske.