Bugenbiliyarka ta ƙi yin fure? Ga inda ake ɓata ta

Da zarar hunturu ya fara busawa a watan Nuwamba, katangun Unguwar Rimi da Malali da Barnawa a garin Kaduna sukan lulluɓe da ja da fari da ruwan hoda na bugenbiliya, shukar furen nan mai ƙaya da ake yi wa katanga ado da ita. Amma a layi ɗaya sai ka ga gida biyu, wannan tasa ta rufe katanga da fure, wancan kuwa ganye ne kore shar da ƙaya zaƙo-zaƙo, ko fure ɗaya babu. Kuma mai gida na biyun shi ya fi wahala da ita. Ƙorafinsa kullum ɗaya ne: "Namiji aka sayar mini." Bugenbiliya ba ta da namiji da mace irin na gwanda. Kurakurai ne iri ɗaya ake ta maimaitawa, har mutum ya gaji da faɗa.

Ruwa shi ne babban abin da ke kashe ta a garin nan. Asalinta daga Kudancin Amurka take, ƙasar Birazil da maƙwabtanta, kuma ɗabi'arta ita ce ta yi fure idan ta ji ƙishi. Muddin saiwarta na cikin laima kullum, ganye da reshe kawai za ta yi ta fitarwa. Idan laimar ta yi yawa sai saiwar ta ruɓe, ganye ya yi ɗorawa ya zube, mai gida ya ce ai ƙishi ne, ya ƙara mata ruwa, ya ƙarasa ta. Haba jama'a! Sai ka shiga gida ka tarar maigadi ya gama wanke mota, ya jefa tiyo a gindinta ya tafi shan shayi, ruwa na malala har ya yi tabki. Safe haka, yamma haka. Ka tona gindin da yatsa, ƙasar baƙa ce mai tsami, saiwar ta yi laushi tana saɓulewa a hannu. Shukar da aka saya don tana jure fari, an mai da ita kamar shinkafar fadama.

Ga yadda ni nake ganin ya dace. Sabon dashe a ba shi rabin bokiti duk bayan kwana biyu ko uku, har mako shida zuwa takwas. Wadda ta kama ƙasa, ta shekara, bokiti biyu a lokaci guda sun ishe ta kwana 10 zuwa 14 a lokacin rani, a zuba a hankali ya nutse ƙasa sosai. Yayyafin kullum ba ya kai wa saiwa. Da damina kuwa, daga Yuni zuwa ƙarshen Satumba, kada a ba wadda ta kama ƙasa ko ɗigo. Ta cikin kasko sai ka tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu, in ka ji sanyin laima ka bar ta. In ganyenta ya ɗan lanƙwashe da azahar a zafin Maris da Afrilu, ka jira zuwa magariba, in ya miƙe lafiyarta ƙalau. Haka nan zubar wani ɓangare na ganye cikin hunturu ba ciwo ba ne.

Wurin dasawa ma da ruwan yake tafiya. Jar ƙasar Kaduna in ta daddale tana riƙe ruwa, ga kuma ruwan Agusta da ba ya ɗagawa. Kafin ka dasa, haƙa ramin ka cika shi da ruwa da yamma. In ka wayi gari da sauran ruwa kwance a ciki, wurin bai yi ba, sai dai ka tara ƙasa ka yi tudu kamar taku ɗaya ka dasa a kai. Kada a dasa ƙarƙashin indararo, ko bakin sokawe, ko inda ruwan wanke-wanke ke bi.

Na biyu, wanda ya fi ɓata mini rai, shi ne yadda ake cire ta daga leda. Saiwar bugenbiliya siririya ce kamar gashi, ba ta kama ƙasa da ƙarfi, taɓa ta kaɗan sai ta tsinke. Amma sai ka ga mutum ya kamo kara ya fizgo ta daga leda kamar zai tuge rogo, har ya kakkaɓe ƙasar wai don saiwa ta sha iska. Bayan kwana uku ganye ya zube tas, a koma wurin mai sayar da dashe ana faɗa. Laifin ba nasa ba ne. Ka shayar da ita tun daren jiya don ƙasar ta haɗe. Ka haƙa rami mai faɗin ledar sau biyu, zurfinsa daidai tsayin ledar, kada ya wuce. Ka yanke gindin ledar da reza, ka sa ta cikin ramin da ledarta, sannan ka tsaga gefen daga ƙasa zuwa sama ka zare a hankali. Cikon ramin kuwa kashi biyu baƙar ƙasa, kashi ɗaya yashin kogi, kashi ɗaya takin shanu da ya ruɓe sosai. Ka danna da tafin hannu, ba da diddige ba. Farkon damina, cikin Mayu ko Yuni, da yamma, shi ne lokacin da ya fi. Kuma inda ka sa ta nan ne gidanta, ciccira ta daga wuri zuwa wuri kashe ta yake yi.

Sai taki. Manomi ya saba da yuriya a gonar masara, sai ya ɗebo ragowar buhu ya watsa wa fure. Yuriya kashi 46 cikin ɗari sinadarin naitirojin ne, aikinsa ganye. Ɗanyen kashin kaji ma haka, ga shi yana ƙone saiwa. Cikin kwalin ashana ɗaya na takin zamani NPK 15-15-15 ya wadatar wa babbar shuka, sau biyu a shekara, farkon damina da ƙarshenta, a binne shi taƙi biyu nesa da kara. Ɗanyen taki da busasshen kara a gindi kuma gayyatar gara ne.

Inuwa: in ba ta samun rana tsagwaronta ta awa shida a yini, kada ka sa ran fure. Ƙarƙashin mangwaro ko dogonyaro ba wurinta ba ne.

Aski ma ana kuskurensa. A kan sabon toho take fure, don haka mai bin ta da almakashi duk Asabar don ta yi kwana huɗu kamar akwati, furen yake zubarwa tun bai fito ba. Babban aski sau ɗaya ne, wajen ƙarshen Satumba, a rage dogayen rassan da damina ta haifar da kamar kashi ɗaya cikin uku. Bayan nan sai dai a ɗan datse kan reshe idan zagayen fure ya ƙare. A sa safar hannu mai kauri, ƙayarta ba ta da daɗi.

A bar aƙalla taku biyu tsakaninta da katanga, kuma a ɗaure ta a waya ko ƙarfe, domin ba ta manne wa bango da kanta. A kwashe ɓaraguzan siminti da magina suka bari a ramin, su ke sa sabon ganye ya yi fari-fari jijiyoyinsa na kore. Kaskon da ba shi da huji a gindi a huda shi kafin a zuba ƙasa. Wanda ya dasa a ƙofar gida kuma ya kewaye ta da raga har ta fi ƙarfin awakin unguwa, don ƙaya ba ta hana su cin sabon toho.