Yadda Ake Kula da Igama a Saudiyya Kada Ta Mutu a Hannunka

Wanda ya shigo da bizar Umara ya ɓuya a unguwar Karantina ta Jidda yana neman aiki, wannan bayanin ba nasa ba ne. Bizar Umara ba ta komawa igama, wato katin izinin zama a ƙasar, kowane dillali ya ce maka zai juya ta, kuɗinka yake so. Da wanda ya sauka Jidda ko Riyad da bizar aiki nake magana.

Da farko, kwana 90 ke gare ka daga ranar da aka buga maka hatimin shiga. A cikinsu kafili, wato wanda ya ɗauke ka aiki, zai kai ka gwajin lafiya, ya yi maka inshora, ya biya kuɗi, Jawazat, hukumar shige da fice, ta fitar da igama. Doka a kansa ta ɗora kuɗin, ba a kanka ba, har da na lasisin aiki. Ranar da katin ya zo hannunka, kada ka cusa shi aljihu kana murna. Ɗora shi kusa da fasfo ka duba sunan harafi-harafi, na Larabci da na boko, da ranar haihuwa, da sana'ar da aka rubuta. Na ga wanda aka mayar da Sani ya zama Sami, bai lura ba sai da ya je banki zai tura wa iyali kuɗi.

Daga nan sai layin waya. Ka yanki layi da lambar igamarka kai da kanka, da shi za ka buɗe Absher, manhajar gwamnati da ake duba igama a ciki. Ni dai ban yarda mutum ya buɗe Absher da lambar abokin ɗaki ba, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke, domin duk saƙon sirri can zai riƙa zuwa. Ka shiga Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago, ka karanta kwantiraginka kafin ka danna amincewa. Masu aikin gida da direbobin gida, nasu a shafin Musaned yake.

To, ga wurin da na sha ƙasa. Ranar ƙarewar igama da kalandar Hijira ake lissafa ta, ita kuwa shekarar Hijira ta gaza ta boko da kusan kwana 11. Ni na riƙe a kaina cewa a watan Maris aka yi min, don haka sai Maris. Ban taɓa buɗe Absher na duba ba, tunda mai kula da takardu a kamfaninmu kullum amsarsa "khalas, an gama". Wata safiya na tsaya a na'urar cire kuɗi, mutane sun yi layi a bayana, ta tofo min katina sau uku. Banki ya rufe asusun, igama ta mutu kwanaki ban sani ba. Tarar jinkiri Riyal 500 ce karon farko, 1,000 karo na biyu, na uku kuwa kora ce. Kamfanin ya biya, amma ƙarshen wata na ga gurbinta a albashina.

Akwai wani tarkon da ya fi wannan. Tun 2021 aka ba kamfanoni damar sabuntawa wata uku-uku, ko shida, ko tara. Saboda haka idan aka ce maka an sabunta, tambayi na wata nawa, sa'annan ka duba da idonka. Ka juya ranar zuwa ta boko, ka rubuta a bangon ɗaki, ka fara damun kafili saura wata biyu. Kunya ba ta da amfani a nan. Ka tabbata inshora tana raye kuma babu tarar hanya a kanka, don ko ɗaya daga cikinsu yana iya tsayar da aikin. Mai iyali kuma ya tanadi Riyal 400 kowane wata a kan kowane mutum ɗaya, abin da ya sa da yawa suka mayar da mata da yara gida.

Fasfo idan ya kusa ƙarewa, ofishin jakadancin Najeriya a Riyad ko ƙaramin ofishi a Jidda, ka tafi da lambar NIN. In sabo ya fito, a mayar da bayanansa Jawazat, abin da ake kira naƙalul ma'alumat. Mutane suna mantawa da wannan sai a filin jirgi.

Zuwa gida hutu sai da khuruj wa auda, wato bizar fita da dawowa: Riyal 200 na wata biyu, kowane ƙarin wata 100. Ka dawo kafin ranar da aka rubuta. Idan kuwa kun saɓa da kafili, kada ka kwashe kaya ka gudu, zai buga maka hurub, wato rahoton ka gudu daga aiki, abin da zai iya kai ka Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora. Ka kai ƙara ofishin ƙwadago, ko ka nemi canjin kafala ta Qiwa in ka cika shekara.