Kurakuran da aka fi yi wajen fahimtar kalmomin likita

Likita zai ce wa mutum yana da hawan jini, sai ya koma gida ya shaida wa iyali cewa jini ne ya yi masa yawa a jiki. Ba haka abin yake ba. Hawan jini magana ce ta ƙarfin da jini ke bugun bangon jijiya da shi, ba ruwansa da yawan jinin. Shi ya sa mutum ɗaya kan haɗa hawan jini da ƙarancin jini a lokaci guda. Lambobi biyun nan da ake rubutawa in an yi awon hawan jini, ta sama ƙarfin bugun ne sa'ad da zuciya ta matse, ta ƙasa kuma sa'ad da ta saki. Wajen 120/80 lafiya lau ne. Idan awo ya yi ta kaiwa 140/90 ko ya wuce a ranaku daban-daban, to akwai magana. Babban kuskuren ma yana gaba: awo ya sauka, sai a ajiye magani wai an warke. Maganin ne fa ya saukar da shi.

Sai takardar gwaji. Wanda ya ɗan ji Turanci yakan ga fozitif ya yi murna, ya ga nagetif gabansa ya faɗi. A ɗakin gwaji, fozitif na nufin an ga abin da aka je nema, nagetif kuma ba a gani ba. Kafin murna ko kuka, a tambaya: me aka nema?

Kalmar da na ga ta fi firgita iyali ita ce ƙari. Da zarar an ambace ta, sai kowa ya ɗauka ciwon daji ne. Ƙari iri biyu ne: akwai mai zama wuri ɗaya, ba ya yaɗuwa, akwai mai cin naman da ke kusa da shi ya bazu cikin jiki, wannan shi ne daji. Yawanci sai an ɗebi ɗan nama an duba shi da madubin likita kafin a tabbatar. Don haka in an ce za a ɗebi nama, bincike ake yi, ba a yanke hukunci ba tukuna. Haka ma gazawar zuciya: ba tsayawa ta yi ba, ƙarfin harba jini ne ya ragu, kuma mutane na shekaru da ita a kan magani.

Rukunin jini da jinotayif ma ana cakuɗa su. A, B, AB da O rukuni ne, shi ake dubawa wajen ƙarin jini. AA, AS da SS kuwa su ne jinotayif, batun sikila ne, mai SS shi ne mai ciwon. Idan mai AS ya auri mai AS, yiwuwar haihuwar mai SS ɗaya ce cikin huɗu a kowane ciki. A kowane ciki, na ce. Ba layi ake bi ba, balle a ce ɗa na huɗu ne kawai zai ɗauka. Na fari ma yana iya zuwa da ita, na biyu ya biyo shi.

A takardar magani, bd sau biyu ke nan a rana, tds sau uku. Sau uku ɗin, musamman ga antibayotik, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, ana so a raba shi kusan awa 8 tsakani, ba a jera su tsakanin hantsi da la'asar ba. Sannan mg nauyin magani ne, ml kuma yawan ruwansa. Maganin ruwa na yara a auna shi da sirinji ko ɗan kofin da ya zo da shi, don cokulan gida girmansu ba ɗaya ba ne. Antibayotik kuwa bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa bairos mai kawo mura.

A ƙarshe, wanda magani ya tayar wa zuciya kada ya yi saurin cewa yana da alaji, sau da yawa illar magani ce kawai. Alaji shi ne irin ƙuraje masu ƙaiƙayi, kumburin fuska ko leɓe, da sarƙewar numfashi. In kumburi ko sarƙewar numfashi suka bayyana, a garzaya asibiti nan take, a tafi da kwalin maganin.